Bolt, Amfiya, Om da Wat: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini Kan Lissafin Wuta

Sana'ata wayarin ɗin gidaje da haɗa sola, kuma yawancin aikina a cikin birnin Kano ne da kewaye. Tambayoyin da nake sha daga masu gida, matan aure, yaran shago da ɗalibai kusan iri ɗaya ne, kayan ne kawai ke canzawa. Da kan kwan fitila da janareta ake tambaya, yanzu kuma inbata da batir. Abin da na lura shi ne, kalma ɗaya muke ɗora wa abu huɗu. Mu ce wuta ba ƙarfi, mu ce hitar nan tana da ƙarfi, mu ce wayar ba ta da ƙarfin ɗauka, alhali kowane ƙarfi da ma'anarsa. In mutum ya rarrabe su, kuma ya iya "sau" da "rabawa" irin na firamare, lissafin minti biyu zai tsare masa kayan dubban ɗaruruwa, wani lokacin ma gidan gaba ɗaya.

Wai mene ne bambancin bolt, amfiya, om da wat?

Ɗaga kai ka dubi tankin ruwan da ke saman gidanku. Gwargwadon tsayin da aka ɗora shi, gwargwadon yadda ruwa ke tunkuɗo kansa cikin bututu. Wannan tunkuɗar ita ce boltej, awonta bolt. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne kwararar wuta, awonta amfiya. Ƙuncin bututun, da tsatsar da ta toshe shi, su ne turjiya, awonta om. Wat kuwa shi ne yawan aikin da ake samu a kowace daƙiƙa in tunkuɗa da kwarara suka haɗu.

Ka lura da abu guda. In famfo na rufe, tunkuɗar ruwan tana nan amma ko ɗigo ba ya wucewa. Haka soket ɗin ɗakinka: bolt 230 na zaune a cikinsa, amfiya kuwa sifiri, har sai ka jona wani abu. Kayan da ka jona shi ke yanke hukuncin amfiya nawa za ta wuce.

Sunayen duk na mutane ne. Alessandro Volta ɗan Italiya shi ya haɗa batir na farko a 1800. André-Marie Ampère Bafaranshe ne, James Watt mutumin Birtaniya da ya shahara kan injin tururi, Georg Ohm kuma malamin makaranta ne a Jamus, wanda ya buga dokarsa a 1827.

Me dokar Ohm ɗin ta ce?

V = I × R. V boltej, I kwarara, R turjiya. In ka san biyu, na ukun ya fito:

R = V ÷ I
I = V ÷ R

Batir mai bolt 12 ya tura amfiya 3 cikin wani abu, turjiyar abin om 4 ke nan. A makaranta ana zana wa yara alwatika su rufe harafin da suke nema da yatsa. Ba laifi, amma ni na fi son yaron shagona ya riƙe ma'anar: ƙara tunkuɗa, kwarara ta ƙaru; ƙara turjiya, kwarara ta ragu. Wanda ya riƙe wannan, ko ya manta zanen ba zai juya lissafin ba.

Wat fa, yaya ake fitar da shi?

P = V × I, P shi ne wat, wato bolt sau amfiya. Cajar waya mai bolt 5 da amfiya 2, wat 10 ce. In ka cusa dokar Ohm a ciki, hanyoyi biyu za su ƙara fitowa:

P = I × I × R
P = V × V ÷ R

Ukun abu ɗaya suke faɗa, amma kowace da inda ta fi amfani. Ta farko don sanin abin da kaya ke ja. Ta biyu ita ke bayyana zafin waya, kuma ita ce na fi so kowa ya haddace, domin amfiya sau biyu take shiga lissafin: ka ninka kwarara, zafi ya ninka sau huɗu. Ta uku ita ke nuna abin da ke faruwa in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama.

An rubuta 1200W a jikin dutsen gugata. Amfiya nawa yake ja?

Hajiya, wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Raba 1,200 da 230, ki samu amfiya 5.2. Turjiyarsa kuwa 230 a raba da 5.2, kusan om 44. Hita mai wat 2,000 amfiya 8.7 take ja, turjiyarta wajen om 26.

Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Suna zaton abin da ya fi zafi shi ya fi turjiya. A soket akasin haka ne: ƙaramar turjiya ita ke barin wuta da yawa ta wuce, don haka ita ta fi wat. Kwan fitila irin na da mai wat 60, turjiyarsa in yana ci ta kusa om 880.

Me ya sa ekstenshan ke narkewa alhali ramukansa ba su cika ba?

Don ba yawan ramuka yake ƙirgawa ba, amfiya yake ƙirgawa. Fulogi mai ƙafa uku murabba'i da muke amfani da shi, iyakarsa amfiya 13. Sau 230, wat 2,990 ke nan, a ce 3,000. Wannan ma in na kirki ne.

Wani azumi aka kira ni wani gida a cikin gari. Tun daga soro ƙaurin roba ya tare ni. An kawo wuta bayan la'asar, kowa ya tashi da hanzari kamar yadda muka saba: uwargida ta jona rishon lantarki mai wat 1,500 don kunun buɗa baki, ta ƙara hita mai wat 2,000, babbar 'yarta kuma ta zauna gugar kayan makaranta. Duk a ekstenshan ɗaya mai rami shida, uku ma ba komai a cikinsu. Na tarar robar ta kumbura ta yi baƙi, wayar ta manne da ledar tsakar ɗaki. Na zauna na lissafa mata a bayan kwalin ashana: 1,500 da 2,000 da 1,200 sun tashi 4,700, a raba da 230, amfiya 20 da 'yan kai. Da na yanke wayar na nuna mata silin da ke ciki, bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ta yi salati, ta ce ita a zatonta tunda akwai rami, akwai wuri. Kuma ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa faɗa mata.

Duk abin da aikinsa dumamawa ne, hita, risho, dutsen guga, tukunyar shinkafa, a ba shi soket ɗin bango nasa shi kaɗai.

Soket ɗaya ne kawai ke zafi a gidana, kuma ba na ɗora masa kaya da yawa.

Buɗe shi bayan ka kashe wuta, galibi za ka tarar sukurun da ke riƙe waya ya saki, ko bakin ya yi tsatsa. Haɗin da bai ɗauru ba turjiya ce. A ce rabin om ne kacal, amfiya 10 na wucewa: 10 sau 10 sau 0.5, wat 50. Wat 50 a wuri mai girman ƙwayar wake ya isa ya gasa roba. Zafin kuma sai ya ƙara lalata haɗin, turjiya ta ƙaru, zafi ya ƙaru.

In wuta ta zo rabi, dutsen guga ba ya zafi, amma firiji da injin jawo ruwa sai su ɗau zafi. Yaya haka?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma da bazara na fi jin ta, lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, musamman a gidajen da ke nesa da tiransifoma.

Dutsen guga turjiyarsa kusan a tsaye take, om 44. In wuta ta sauko bolt 180, to 180 sau 180 a raba da 44, wat 736. Boltej ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, amma zafi ya ragu da kusan kashi 39. A bolt 160 kuwa wat 580 ne, bai kai rabi ba. Ba abin da zai same shi, guga ce kawai ba za ta kwanta ba.

Inji mai juyawa halinsa daban. Sumo ɗin da ke cikin rijiyar burtsatse dole ya ɗaga ruwan nan zuwa tanki, nauyin ruwa bai ragu ba don wuta ta ragu. Tunda wat shi ne bolt sau amfiya, in bolt ya sauka, sai injin ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓin. A ce daga amfiya 5 ya koma 6.5. Zafin da ke cikin naɗin wayarsa ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari. In ma wutar ta yi ƙasa sosai, kwamfuresan firiji zai kasa tashi, ka ji yana gurnani yana ƙas-ƙas, yana jan wuta mai yawa ba ya juyawa. In ka ji haka, cire shi nan take.

Sitabilaiza tana taimakawa, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Don ta ba ka wat 1,000 daga bolt 160, sai ta ja fiye da amfiya 6 daga layi, maimakon 4.3. Wayar da ke shiga cikinta ita ke shan wannan nauyin.

Hawan wuta shi ya fi ɓarna cikin gaggawa. In wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layi mai fes uku, wato mai wayoyin kawo wuta uku, wani gidan zai iya samun abin da ya doshi bolt 400. Kwan nan mai wat 60 zai koma cin kusan wat 180, ya yi haske fau sau ɗaya, ya mutu.

Malam, waya ai waya ce. Me zai sa in sayi mai tsada?

Alhaji, a nan ne ba na sassautawa. Waya ita ma tana da turjiya. Tsawo na ƙara ta, kauri na rage ta. Kwatanta babban titi da lungun cikin gari: mutanen da za su wuce ta titi a sake, in ka tura su lungu sai gogayya da gumi.

Ga alƙaluman wayar jan ƙarfe, wadda 'yan kasuwa ke kira kofa, a tsawon mita 100: mai lamba 1.5 kusan om 1.2, mai 2.5 kusan om 0.74, mai 4 kusan om 0.46. Lambar kaurin silin ce a milimita murabba'i. To a ce za ka ja wuta daga gida zuwa shago mai nisan mita 50. Wuta zuwa take ta dawo, don haka tsawon mita 100 ne. In kayan shagon na jan amfiya 10, waya mai 1.5 za ta cinye bolt 12 a hanya, ta mai da wat 120 zafi. Kamar ka kunna kwan fitila biyu irin na da a cikin bututu, kana biyan kuɗinsu ba ka ganin haskensu. Mai lamba 4 kuwa bolt 4.6 za ta ci, da wat 46.

Sannan ka tuna inda wayar take kwana. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba. A watan Afrilu, tsakanin kwano da silin na gidan Kano, kafin ka kunna komai wayar ta riga ta gasu. Ɗan abin da ya rage mata kaɗan ne.

Akwai kuma jabu. Wata alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, wata kuma an rubuta 2.5 amma silin bai kai ba. Alminiyam turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin ɗari a kauri ɗaya. In za ka saya, ko a Sabon Gari ne ko a ina, kankare silin da wuƙa. In fari ya bayyana, ajiye. Ka kuma ɗaga naɗin ka ji nauyinsa, jan ƙarfe na gaske yana da nauyi a hannu. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar waya dai, ido shi kaɗai bai isa ba.

Na sayi ƙaramar mitar awo. Yaya zan yi amfani da ita?

Boltej ana auna shi ne tsakanin wuri biyu, tsinke ɗaya nan ɗaya can, wuta na kunne. Turjiya ba a auna ta sai an cire kayan daga wuta gaba ɗaya. Amfiya kuwa dole wutar ta ratsa ta cikin mitar, shi ya sa na fi ba sabon hannu shawarar mita mai baki irin na filaya, wadda ake maƙalawa a jikin waya ba tare da an yanke ta ba. Sili ɗaya kaɗai za ka kama. In ka haɗa mai zuwa da mai dawowa, za su kashe juna, ta nuna sifiri.

Kuskuren da ke fasa mita a hannun yara shi ne a bar ta a kan awon amfiya a cusa ta soket. A wannan saitin turjiyarta kusan babu, don haka tamkar ka haɗa wayoyin biyu ne kai tsaye.

Ga wani amfani mai sauƙi. Dutsen guga ya daina zafi, cire shi, murɗa shi kan zafi, auna tsakanin ƙafafun fulogi biyu. In ka ga abin da ya kusa om 44, zaren da ke dumama shi lafiya lau. In mita ta nuna ba hanya, wani wuri ya tsinke: fis, waya, makunnin zafi ko zaren kansa.

Na auna kwan wat 60 na ga om sittin da wani abu, kai kuma ka ce 880. Wa ya yi kuskure?

Babu. Zaren kwan yana da ƙaramar turjiya in yana sanyi, in ya yi jajir sai ta ninku fiye da sau goma. Shi ya sa irin wannan kwan ya fi mutuwa daidai lokacin da aka kunna shi. Dokar Ohm kai tsaye tana aiki ne kan abin da turjiyarsa ba ta canzawa sosai. Kwan LED, caja, talabijin da inji ba a gane wat ɗinsu ta auna om, sai dai a auna abin da suke ja suna cikin aiki.

Inbata mai bolt 12, 24 ko 48, wacce zan saya?

Lissafi zai ba ka amsa. Kaya masu wat 1,200 a kan batir mai bolt 12, amfiya 100 ke nan, ban da asarar inbatar kanta. A bolt 24 amfiya 50, a bolt 48 amfiya 25. Mu ɗauka wayoyin batir da mahaɗansu duka turjiyarsu om 0.01 ce, abin da ƙaramar mita ma ba za ta gani ba. A amfiya 100, wat 100 ke tafiya a zafi, bolt guda cur kuma ya ɓace cikin 12, sai ka ji inbata na kuka wai batir ya yi ƙasa alhali da caji a jikinsa. A amfiya 25 asarar wat 6 ce da ɗan ɗori. Ninki goma sha shida ke tsakaninsu.

Don fitila, fanka biyu da cajin waya, bolt 12 ya wadatar. Da zarar firiza ko sumo sun shigo magana, ni 24 ko 48 nake ba da shawara. Kuma kada ka yi mamaki in mai haɗa maka ya nemi wayar batir mai kaurin yatsa.

Wannan dalilin ne dai ya sa wutar da ke zuwa Kano daga babban layin ƙasa take isowa tashar Kumbotso a bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, sai 33,000, sai 11,000, kafin tiransifomar unguwa ta mai da ita abin da ke shiga gida. Ninka boltej sau goma, amfiya ta ragu sau goma, asarar hanya ta ragu sau ɗari.

Batir ɗina 200Ah ne. Awa nawa zai kai ni?

Ah na nufin amfiya sau awa. Bolt sau Ah shi ke ba da abin da ke cikin rumbun: 12 sau 200, wat-awa 2,400. In batir mai ruwa ne, irin na darma, kada ka saba cin fiye da rabinsa in kana son ya daɗe, saura 1,200. Inbata za ta ci nata rabon, a ce kashi 15 cikin ɗari, saura wajen 1,020. Yanzu tara kayanka: fanka biyu masu wat 70, kwan LED shida masu wat 10, talabijin mai wat 60, jimla 260. Raba 1,020 da 260, kusan awa huɗu. Kashe talabijin da kwai huɗu in za a kwanta, kaya su koma wat 160, ka haura awa shida.

Ah ba ta da ma'ana sai da boltej a gefenta. Batirin litiyam mai 100Ah a bolt 51.2 yana ɗauke da wat-awa 5,120, ya ninka wancan mai 200Ah har da ƙari. Haka abin cajin waya na tafi-da-gidanka da ake sayarwa a Farm Centre: 20,000mAh, wato 20Ah, a bolt 3.7 wat-awa 74 ne.

Janareta na 2.5kVA ne. Ba wat 2,500 ke nan ba?

A'a. A wutar gida, wadda ke kai da kawowa sau 50 a daƙiƙa, bolt sau amfiya yana ba da VA ne, kVA kuwa VA dubu ne. Ga hita da dutsen guga, VA da wat kusan ɗaya suke. Ga inji mai naɗin waya kuwa, wani ɓangare na kwararar zuwa yake ya koma bai yi aiki ba. Za ka iya auna fanka ka ga amfiya 0.4, sau 230 ya ba da 92, alhali wat 70 take ci. Shi ya sa aka saba ɗaukar kashi 80 cikin ɗari: 2.5kVA wajen wat 2,000 ne, inbata mai 1.5kVA wajen wat 1,200.

Bar sarari kuma don tashi. Firiji da sumo suna fizgar ninkin abin da suka saba ja sau da dama a daƙiƙar farko. Doki ɗaya na inji, wato awon ƙarfinsa da ake rubuta HP, wat 746 ne a bakin aikinsa, abin da yake ja daga layi ya fi haka.

Me ke cinye mini kati?

Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Wat sau awa, a raba da dubu. Fanka mai wat 70 ta yi awa goma kullum, yunit 21 a wata. Kwan wat 60 na awa shida kullum, yunit 10.8 a wata, na LED mai wat 9 kuwa 1.6. Hita mai wat 2,000, awa ɗaya kacal a rana, yunit 60. Cajar wayar da ake yi wa yara faɗa a kanta, ko awa uku take aiki kullum ba ta cika yunit ɗaya a wata ba.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin yunit na rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225, daga baya aka sake taɓa shi, don haka duba takardar katinka ka ga naka. In mun ɗauki naira 200 don sauƙin lissafi, hitar nan ita kaɗai naira 12,000 ce a wata.

Ɗan'uwana ya aiko mini da kayan kicin daga Amurka, ina jonawa ya yi hayaƙi.

Wutarsu bolt 120 ce. Abin da aka yi wa wat 1,200 a can turjiyarsa om 12 ce. Ka ba shi 230, sai 230 sau 230 a raba da 12, fiye da wat 4,400. Kafin ka jona kayan waje ko na gwanjo, karanta jikinsu. In an rubuta 100 zuwa 240V, kamar yawancin cajoji, ba damuwa. In 110 ko 120 ne kawai, sai da tiransifomar rage wuta wadda wat ɗinta ya fi na kayan.

Ƙa'idar adafta ma ke nan: boltej dole ya yi daidai, amfiya kuwa in ta fi ba komai, kayan abin da yake buƙata kawai zai ja.

Ni ɗalibi ne. Jeri da gefe-da-gefe ke rikita ni a jarrabawa.

In turjiyoyi na jere kamar sahun raƙuma, hanya ɗaya ce, tara su za ka yi. Om 6 da om 3 sun zama 9. A batir mai bolt 12, amfiya 1.33, wat 16. In gefe da gefe suke, ka buɗe wa wuta ƙofa biyu ne, don haka jimlar dole ta gaza ƙaramar cikinsu: 6 sau 3 a raba da 6 haɗe da 3, om 2. Amfiya 6, wat 72. In amsarka ta fi ƙaramar girma, ka san ka yi kuskure. Kayan gida duk gefe da gefe ake jona su, shi ya sa kowane ƙari ke ƙara amfiya a babbar waya.

Ka kula da ƙananan haruffa. 500mA rabin amfiya ne, 2kΩ om 2,000 ne. Mai da su asalinsu kafin ka fara lissafi, nan maki ya fi zubewa.

Bolt ne ke kisa ko amfiya?

Kwararar da ta ratsa jiki ita ke kisa, amma boltej ke tura ta, turjiyar jiki kuma ke ƙayyade yawanta. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa. In jiki ya jiƙe, za ta iya saukowa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, miliamfiya 230. Na'urar kariya da ake sa wa gida don ceton rai tana yanke wuta ne a miliamfiya 30. Dubi tazarar.

Abin da ya fi tsorata ni a garin nan shi ne hitar bokiti da hunturu. Mutum na tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen simintin banɗaki, ya tsoma yatsa ya ji ko ruwa ya yi zafi, hita na jone. Don Allah a cire fulogi tukuna, a kuma koya wa yara. Haka wanda ya idar da alwala, ya goge hannu kafin ya taɓa makunni.

Batirin mota mai bolt 12 ba zai ja ka ba in ka taɓa shi, amma sifana ta faɗa tsakanin kawunansa biyu, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta ta yi ja. Farantan sola kuwa in an jera su da yawa suna kai ɗaruruwan bolt, kuma muddin rana na sama ba su da makashi a jikinsu.

Fis ɗina na yawan yankewa. In sa babba, ko in naɗa masa waya?

Kada ka yi ko ɗaya. Fis da bireka waya suke gadi, an auna su ne su yanke kafin ita ta yi zafin da zai kama wuta. In ka sa bireka mai amfiya 32 a kan waya mai lamba 1.5, wayar za ta narke a cikin bango birekar na kallo. In kuma wayoyi biyu suka haɗu kai tsaye, turjiya ta faɗi ƙasa da om ɗaya, ɗaruruwan amfiya za su taso lokaci guda, kuma silin da ka naɗa ko takardar sigarin da ka cusa ba wanda ya san a nawa za su yanke.

Ɗauki takarda ka rubuta wat ɗin duk abin da ke kan layin, ka tara, ka raba da 230. In amsar ta haura lambar fis ɗin, kaya ne suka yi yawa, sai ka rage ko a ja maka sabon layi da wayar da ta dace. In ba ta kai ba amma yana ci gaba da yankewa, cire komai, ka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya nuna kansa. In ya yanke alhali ba komai a jone, matsalar a cikin bango take: bar babban makunni a kashe, ka kira mai gyara.